Me ya kawo katantanwa cikin duwatsun Kalambaina?

Ɗan Arkilla:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana ƙasa da duwatsu. A fararen duwatsun da ake fasawa wajen Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana ganin siffar katantanwa da ƙumba, wasu kuma dunƙulallu masu zanen tauraro a baya. Daga Sakkwato zuwa bakin teku kusan kilomita 1,000 ne a mota. To me ya kawo su nan? Kuma yaya mutum zai bambanta na gaske da tsakuwa?

Malam Na-Rima:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kawo su aka yi ba, nan suka rayu, nan suka mutu. Yankinmu kwari ne babba da ya haɗa da Nijar da Mali, kuma teku mara zurfi ya taɓa malalowa cikinsa daga arewa, ta inda Sahara take yanzu. Shigowa biyu ce ta fi barin shaida. Ta farko wajen shekaru miliyan 70 da suka wuce, ita ta bar lakar Dukamaje. Ta biyu kimanin shekaru miliyan 60, ita ta bar lakar Dange da farin dutsen Kalambaina, wanda ake ƙonawa a yi siminti. Dutsen kansa yawanci ɓawon halittun ruwa ne da ya taru ya daskare.

Shimfiɗun laka da duwatsun yankin, kowace da sunan garin da ake kiranta da shi, jere suke daga ƙasa zuwa sama: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, sai Gwandu a kai, wadda koguna suka zuba bayan teku ya janye. Sun ɗan karkata yamma, shi ya sa tsofaffin suka fi bayyana ta gabas.

Mai zanen tauraro ka ƙirga, za ka samu reshe 5. Bushiyar teku ce, kuma danginta ba sa rayuwa a ruwan daɗi. Ita kaɗai ta isa hujja cewa ruwan gishiri ne.

Malama Hausare:
Ga gwajin da za ka yi a gida. Ka kankare gefen dutsen da wuƙa ya yi gari, ka ɗiga ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne. In bai yi ba, kuma farcenka ya karce shi, yana ƙyalli kamar gilashi, jifsam ne, wani ma'adini mai laushi da ya yi yawa a lakar Dange. Kada ka yi da ruwan batir. Ban da ƙuna, yana haɗuwa da dutsen ya yi wani ɓawo a sama, kumfar ta tsaya da wuri, ka ɗauka ba shi ba ne.

Galibin katantanwar ma ba ɓawon ba ne. Laka ce ta cika cikin, ɓawon ya narke, siffar ta saura. Don haka ba za ka ga sheƙi ba.

Wanda aka ciro daga laka mai falle-falle, kada ruwa ya taɓa shi: lakar na kumbura, abin ya wargaje a hannunka. A bar shi ya bushe a inuwa, a share da busasshen buroshin haƙori, a naɗe da takarda. Ka rubuta wurin da shimfiɗar da ya fito tun kana can, domin in babu wannan, rabin amfaninsa ga masu bincike ya tafi.

Ɗan Arkilla:
Na gode, Malama. To ana iya samun ƙashin dainoso a wurin?

Malam Na-Rima:
A Kalambaina a'a. Dainoso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, kafin wannan dutsen ya samu. Abin da ke cikin lakar Dange haƙoran kifi ne da ƙasusuwan kada da kififiya. Dodon ruwan da aka tono wajen Goronyo, wanda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga Dukamaje ya fito, shimfiɗar da ta samu tun kafin dainoso su ƙare. Shi ma ba dainoso ba ne, dangin guza da damo ne da ya koma rayuwar teku. In ka ga ƙashi maƙale cikin dutse kada ka ɓamɓare shi da guduma, ka ɗauki hotonsa da biro a gefe don a ga girmansa, ka kai wa malaman sashen ilimin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.