Kuɗin cizo ya dawo gidanmu a Aboabo

Uwar Biyu, Kumasi:
Assalamu alaikum. Tun da ɗana ya dawo hutu daga makarantar kwana muka daina barci, domin kuɗin cizo ya cika katifu, kuma feshin da na yi sau biyu bai kashe shi ba. Ina mafita?

Malamin Nima:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ƙazanta ce ke kawo shi ba, a cikin jaka da akwati yake tafiya. Maganin kashe ƙwari mai suna DDT ya rage shi ƙwarai bayan 1945, amma ya dawo saboda yawan tafiye-tafiye da kuma yadda jikinsa ya saba da magungunan feshi. Ko birnin Faris ya sha fama da shi a 2023.

Inna ta Sabon Zango:
'Yata, zafi ne maganinsa. Ki zuba tafasasshen ruwa a tsagogin katakon gado, ki wanke zannuwa da ruwan zafi, ki goge su, sannan ki maimaita bayan kwana 10, saboda ƙwansa yana tsira daga feshi. Akwatin yaron kuwa, kada ya sake shiga ɗaki sai an bincike shi a tsakar gida.