Baifas ba tare da tsayar da zuciya ba: wai ya fi tsira da rai?

Mai jinya: Salamu alaikum. Yayana za a yi wa tiyatar baifas a Indiya, wato a dasa masa wasu jijiyoyi su kewaye waɗanda suka toshe, jijiyoyin zuciya uku ne suka toshe. Wakilin asibitin ya ce likitansu yana yin aikin zuciya na bugawa, ba a jona mutum da inji, wai hakan ya fi tsira da rai. Masana, me kuka ce?

Nas ta ɗakin tiyata: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Ni ina bayan wakilin. Injin zuciya da huhun nan da John Gibbon ya fara cin nasara da shi a 1953, fitar da jini yake yi ya zagaya cikin robobi, jiki kuwa ba ya son baƙo, sai kumburi ya biyo baya, ƙoda ta wahala. Ko Sarkin Japan Akihito a 2012 ba a tsayar masa da zuciya ba.

Likitan zuciya: Hajiya, ai sarki gwanin gwanaye aka nemo masa. A Amurka an yi binciken ROOBY a asibitocin tsofaffin sojoji, mutum 2,203, aka raba su biyu da ƙuri'a. Bayan shekara ɗaya, jijiyoyin da aka dasa zuciya na bugawa sun fi toshewa. Bayan shekara biyar, kashi 15.2 cikin ɗari na wannan rukunin sun rasu, na masu inji kashi 11.9. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗinka jijiyar da ba ta fi tsinken tsintsiya biyu kauri ba a kan naman da ke motsi, musamman ta bayan zuciya, ba wasa ba ne. Wani likitan sai ya dasa biyu inda ake buƙatar uku.

Ɗalibin likitanci: Da izininka Dakta, ROOBY ya sha suka fa. Likitoci masu neman ƙwarewa ne suka yi aikin da yawa. Binciken CORONARY da André Lamy na Kanada ya jagoranta ya fi shi girma, mutum 4,752 a ƙasashe 19, kuma ba a ɗauki likita ba sai ya yi irin aikin fiye da sau 100. Sakamakon shekara biyar da ya fito a 2016 bai nuna bambanci ba wajen mutuwa, ciwon bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Nas ta ɗakin tiyata: Yauwa ɗana! Kuma a can ɗin, waɗanda ba a sa wa inji ba an rage musu ƙarin jini da raunin ƙoda a watan farko.

Likitan zuciya: Haka ne, amma ki ƙarasa: sun fi komawa a sake buɗe musu jijiya da wuri. Kuma ku lura, ɗalibinmu kunnen doki ya kawo mana. Wakili cewa ya yi "ya fi". Ko a Jamus da aka gwada a kan tsofaffi 'yan 75 zuwa sama, kunnen dokin aka sake yi. Wanda ke neman kwastoma dai ba zai faɗi wannan ba.

Mai jinya: To Dakta, kaina ya ɗaure. In ce a sa inji ke nan?

Likitan zuciya: A'a Alhaji, kada ka zaɓar wa likita hanya. Likitocin Indiya da yawa sun saba da aikin zuciya na bugawa, tilasta musu barinsa ma kasada ce. Ka tambayi likitan da kansa, ba wakili ba: sau nawa yake yin irinsa a shekara, duka jijiyoyi ukun zai dasa, zai yi amfani da jijiyar cikin ƙirji ko ta ƙafa kaɗai, kuma injin yana nan a shirye idan abu ya rikice?

Nas ta ɗakin tiyata: Ni dai in ƙodarsa ba ta da ƙarfi, ko babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarsa ta yi tauri, ina nan kan bakana.

Mai jinya: Yana da ciwon suga kam, shekara goma ke nan.

Likitan zuciya: To turo min gwajin ƙodar da hoton jijiyoyin ta gefe, in duba bayan Isha'i.