Masu koyon zane a Legas, yaya kuka yi da layi da da'ira?

Tela, Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 ina kan keken ɗinki. Abin da ya kai ni koyon zane aikin wuyan kaftani ne: mai kaya zai kwatanta mini irin aikin da yake so, in gane shi sarai a kaina, amma da na ɗauki fensir sai hannu ya ƙi. Wata biyu ke nan kullum bayan asuba ina cika takarda da layuka kafin in buɗe shago. Gajeren layi ya zauna. Dogo kuwa lanƙwasa yake yi, da'ira kuma bakinta ba ya haɗuwa. Wanda ya taɓa shan wannan ya taimaka mana.

Ɗalibin zane, Yabatech (kwalejin fasaha ta Yaba): Wa alaikumus salam Yaya. Ina kyautata zaton da wuyan hannu kake ja, yadda muka saba da biro. Ni ma haka na shigo. Wuyan hannu a wuri ɗaya yake juyawa, dole dogon layi ya fito kamar baka. Ka bar kafaɗa ta tura hannun gaba ɗaya. Ka ɗiga ɗigo biyu nesa da juna, ka bi tsakaninsu a iska sau uku fensir bai taɓa takarda ba, sannan ka ja sau ɗaya, idonka yana kan ɗigon da za ka. Da'ira ma haka, ka zagaya sau biyu kafin ka ɗaga. Kuma don Allah ka ajiye magogi. Layin da ya karkace shi ke nuna maka inda hannunka yake zillewa. In ka goge, ka goge malaminka.

Mai lalle, Idi-Araba: Ni rawar hannu ce ta dame ni. Ashe riƙe numfashi nake yi ban sani ba, sai wata antina ta lura. Yanzu numfashi nake saki a hankali ina jan layin. A kan guntun tayil na koya, in matsa lalle, in kankare, in sake. Sai da na yi kusan wata uku ɗigo da lanƙwasa kaɗai nake yi kafin in yarda in taɓa hannun amarya.

Mai tumatir, Mile 12: Yaro, abin da kuke faɗa ya mayar da ni makarantar allo. Mai yi mana zayyana lokacin sauka ba ya fara wa da ado. Murabba'i yake fara ja, ya raba shi, ya fitar da alwatika, sai daga baya launi ya shigo. Ni yanzu da tsufana nake koyo a bayan kwali in kasuwa ta lafa. Kwandon tumatir ne ya koya mini abu guda. In na tsaya a kansa, bakinsa da'ira ne. In na zauna a benci na hango shi, sai ya baje kamar ƙwai a kwance. Na daɗe ina yi masa tsini a gefe biyu kamar ido, alhali bakin kwando ba shi da kusurwa ko ɗaya. Ranar da na gane haka, kwandon ya zauna daram a kan kwalin.

Tela, Agege: Allah ya ƙara girma Baba. Wane fensir kuke amfani da shi?

Ɗalibin zane, Yabatech: HB ya isa, in ka samu 2B ka haɗa. H tauri ne, B taushi da baƙi, shi ya sa 6B ke ɓata takarda in hannu ya goga. Takardar A4 ta rim mai falle 500 za ta kai ka nesa. Sai dai ka riƙa sa ta a leda, danshin damina a Legas yana sa ta yi laushi.

Mai gadi, Lekki: Daren gadi dogo ne, a nan nake nawa. Na taɓa shiga Nike Art Gallery, gidan baje kolin zane-zane, na fito jikina a sanyaye, ina ganin ba zan taɓa iyawa ba. Sai na koma kan zana danfo, bas ɗin haya na Legas. Akwati ne kawai da tayoyi, kuma layukan gefensa suna matsowa kusa da juna in sun yi nisa. Na zana akwatin ashana ta kowace fuska kafin danfon ya yi kama da mota.

Tela, Agege: Na dawo bayan kwana 8. Na bar teburin keke na koma teburin yanka, don can ne gwiwar hannu ke samun fili. Cikin da'ira 30 na yau, 11 bakinsu ya haɗu. Jiya wani alhaji ya kawo shadda yana son aikin tambari a ƙirji, na zana masa a gabansa da alli, ya duba ya ce a ɗan rage faɗinsa, na sake ja.