Tsaka mai zanen damisa ta yar da wutsiya: waɗanda abin ya taɓa samu, me kuka gani?

Mai tambaya, Manchester: Salamu alaikum jama'a. Ɗana ne ya kai hannu zai ɗauki tsakar da muke kiwo, ya cafko ta ta baya, sai ga wutsiya a hannunsa tana ta mutsu-mutsu, ita kuwa ta ruga maɓoyarta. Jini kaɗan ne ya fito. Yaron na ta kuka wai ya kashe ta. Ku da kuka ga irin wannan, yaya ta ƙare?

Ɗalibi a Ontario: Wa alaikumussalam Hajiya. Ki rarrashe shi, ba ta mutu ba. Halittarta ce haka. A cikin ƙasusuwan wutsiyar akwai wuraren da suka zo a shirye don tsinkewa, kuma da zarar ta rabu sai jijiyoyin jini su tsuke, shi ya sa ba ki ga jini sosai ba. Motsin da guntun yake yi, wanda kan kai rabin awa, don ya ɗauke hankalin abin da ya kawo farmaki ne. Tawa ta yar da tata ne ranar da murfin akwatinta ya faɗo da ƙarfi, ba wanda ya ma taɓa ta. A nan Jami'ar Guelph, wani malami mai suna Matthew Vickaryous da ɗalibansa sun daɗe suna nazarin wannan dabba, kuma a 2017 suka fitar da bayani kan ƙwayoyin halittar da ke sake gina lakar da ke cikin wutsiyar. Sun ce cikin kwana 30 take fitar da sabuwa. Tawa ta ɗan wuce haka kafin ta cika.

Uwar yara, Abuja: Ni abin da zan ja miki kunne a kai shi ne yashin da ke cikin akwatinta. Ki kwashe shi kaf, ki shimfiɗa tishu mai kauri, ki riƙa canzawa kullum. Ciwon a buɗe yake, ƙasa na mannewa a kai. Kada ki shafa mata man zafi ko wani maganin mutane. Sannan gyare: in kin zuba mata bai ƙare ba, ki cire sauran kafin dare, don suna gutsurar bakin ciwon. Na gani da idona, ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Abin dariya, da surukata ta ji labarin cewa ta yi Allah ya raba mu da masifa, wa ke jinyar tsaka? Na yi ta bayani cewa wannan ba irin ta jikin bangonmu ba ce. Asalinta ƙasashen Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya ne, tana da fatar ido tana ƙiftawa, ba ta ma iya hawa gilashi. Ba ta gamsu ba.

Mai tambaya: To wutsiyar za ta dawo yadda take?

Dattijo mai kiwo, Jamus: A'a 'yata, gara ki sani tun yanzu. Da farko za ki ga ɗan tsiro ja-ja a wurin, ya yi ta tsawo yana kauri. In ta gama fitowa takan zama gajera, dunƙulalliya kamar dankali, sumul, babu zoben nan masu gurzi-gurzi, ɗigon ma a hargitse. Ciki kuma guringuntsi ne, babu ƙashi. Ni yanzu na fi son ganin tawa a haka, amma masu saye kan rage kuɗi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne a wutsiya take tara kitse. Ta yar da guzurinta ke nan. Don haka ki ƙara mata abinci, gyare da tsutsa a barbaɗa musu hodar kalsiyam, gefen ɗumi na akwatin ya tsaya wajen digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Celsius. In ta ƙi ci a kwanakin farko kada ki damu, tsoro ne. A bar ɗaukarta har wurin ya rufe.

Ɗalibi a Ontario: Baba ya faɗi gaskiya. In kuma su biyu ne a akwati ɗaya a raba su, musamman maza, faɗa na cikin manyan dalilan yar da wutsiya.

Uwar yara, Abuja: Ta ƙanwata ba tsinkewa ta yi ba. Tsohuwar fata ce ta maƙale a ƙarshen wutsiyar lokacin saɓa, ta shaƙe wurin har ya yi baƙi ya bushe, sai da likitan dabbobi ya sa hannu. Ke ma in kin ga kumburi, ruwa ko wari, kada ki jira.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kwashe yashin, yanzu zan fita neman hodar.