Kwas ɗin tarihin Rumawa: in ɗauka ko in yi ta kaina?

Rukayya: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina aji biyu a sashen Tarihi, semistar nan an ba mu zaɓi tsakanin kwas biyu, ɗaya shi ne tarihin tsohuwar daular Rum. Ranar Juma'a ake rufe rajista. Don Allah waɗanda suka taɓa yin sa su faɗa min tsakani da Allah, abin ɗauka ne? Na leƙa jadawalin, ban ga komai ba sai sunaye masu ƙarewa da "us" birjik.

Nasiru: Wa alaikumus salam. Ɗauki, ƙanwata. Amma kar ki yi wautar da na yi. Ni zama na yi na haddace sarakuna tun daga Augustus har ƙasa kamar mai tilawa, ranar jarrabawa ko guda ɗaya ba a ce in lissafo ba. Tambayar farko ita ce: me ya rusa Jamhuriya? Na yi ta juya biro a hannu. Da ƙyar na sha da C.

Bello: Ni kuwa keri-oba ya ba ni a karon farko, ba na ɓoyewa. Lissafin shekarun ne ya kayar da ni. Kafin Miladiyya ƙidaya baya-baya take tafiya, 509 ta riga 264, ita kuma ta riga 44. Sai da na yi rabin takarda kafin na gane na kashe Yuliyas Kaisar tun kafin a haifi Hannibal.

Rukayya: Innalillahi. Yaya Bello kana ƙara tsorata ni.

Anti Hauwa: Rabu da shi, maganin wannan ai ba wuya. Samo takardar kwali, ki ja layi ɗaya dogo, ki kafa turaku shida kawai: 753 kafin Miladiyya, shekarar da Rumawa ke cewa an kafa birnin Roma, 509, korar sarki na ƙarshe da farkon Jamhuriya, 146, rusa birnin Kartaj abokin gabar Roma, 44, kashe Kaisar, 27, hawan Augustus, sai 476 bayan Miladiyya, da aka tuɓe sarkin ƙarshe na ɓangaren yamma. Duk wata shekara da malami zai ambata, ki nemo tsakanin waɗanne turaku ta faɗo. A bangon ɗakinmu na hostel na manna nawa, har 'yar ɗakinmu mai karanta Kimiyyar Sinadarai ta haddace shi ba da niyya ba.

Ki haɗa da taswirar Bahar Rum. In ba ki san inda tsibirin Sisili yake ba, ba za ki gane dalilin da ya sa yaƙin farko da Kartaj ya tashi a kansa a 264 ba.

Malam Sani: Bari in ɗan tsawaita, tunda na yi kwas ɗin kuma yanzu ina koyar da Tarihi a sakandare. Rukayya, abin da malamin nan zai auna ki da shi ba yawan abin da kika haddace ba ne. So yake duk labarin da aka ba ki ki tsaya ki ce: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, tuwon wa yake ci?

Ga misali. Labarin tagwayen nan Romulus da Remus da kyarkeciyar da ta shayar da su, galibi daga Livy, marubucin tarihi Barume, za ki karanta shi. To Livy a zamanin Augustus ya yi rubutu, wato kusan shekara 700 bayan abin da yake bayar da labari. Yadda aka koya muku riƙe labarin Bayajida a aji ɗaya, ba a jefar da shi ba kuma ba a haɗiye shi ɗungurungum ba, haka za ki riƙe wannan. Kuma littattafai 142 ya rubuta, 35 ne suka iso mu.

Na Kartaj ya fi ban tausayi. Birni ne a inda Tunisiya take a yau, ya gwabza da Roma sau uku tsakanin 264 da 146. Janar ɗinsu Hannibal ya tsallaka duwatsun Alps da giwaye a 218, ya yi wa sojan Roma kaca-kaca a Cannae a 216, sai a 202 Scipio, janar ɗin Roma, ya ci shi a Zama. Amma kusan duk abin da muka sani game da mutumin nan daga alƙalamin maƙiyansa da abokansu ya fito. Polybius, wanda ya fi kowa tsanaki a kan waɗannan yaƙe-yaƙe, Bagirke ne da aka kai Roma a matsayin garkuwa, ya zama aminin gidan Scipio, yana ma tsaye a wurin lokacin da aka ƙone Kartaj. Mutum ne mai gaskiya gwargwadon hali, amma kin ga inuwar da yake zaune. In kika rubuta wannan a jarrabawa, ko shekara ɗaya ta kuɓuce miki malami zai ɗaga miki ƙafa.

Nasiru: Da na sami wannan bayanin a lokacinmu da ba C nake magana ba.

Bello: Malam Sani, gishirin da aka ce sun barbaɗa a ƙasar Kartaj don kar ta ƙara tsiro fa? Ni na rubuta shi a asaimen, aka zagaye min da jan biro ba bayani.

Malam Sani: Domin babu shi a rubutun mutanen zamanin. Marubutan baya-bayan nan ne suka ƙara wa miyar gishiri. Daga baya ma Rumawan da kansu sun sake gina birnin, ya zama ɗaya daga manyan biranen daular, yankin kuma ya riƙa ciyar da Roma da alkama.

Zainab: Ni shawarata kan abin karantawa ce. Handawut ɗin da aka sayar mana shafi arba'in ne, rabi bai fito ba a fotokofi, sauran kuma jerin sunaye ne. Abin da ya cece ni littafin Mary Beard mai suna SPQR. Turancinsa ba ya ɗaure kai, kuma ita ma aikinta kenan, ta nuna miki inda labari yake da rauni. Sai dai ki sani a 212 bayan Miladiyya ta tsaya, shekarar da Caracalla ya ba kusan duk wani ɗa a daular 'yancin zama Barume. Faɗuwar daula sai ki nema a wani wuri.

In kina da data, akwai shirin sauraro na Mike Duncan, The History of Rome, kyauta ne, kashi sama da 170. Da shi nake wanki. Amma kar ki kawo shi a matsayin hujja a asaimen, na jin labarin a jere ne kawai.

Abba: Littafin Gibbon kan faɗuwar daular fa? A laburare na gan shi jere, mujalladi shida.

Zainab: Bar shi a inda ka gan shi. Na farkon a 1776 ya fito. Ka san sunansa da ra'ayinsa don malamai na son a ambace shi, amma wanda ke da kwas tara a semista ba ya shiga wannan kogin.

Anti Hauwa: Cikin na dā ɗin, in ɗaya kawai za ki iya, karanta Suetonius kan rayuwar Kaisarori goma sha biyu. Gulma ce zalla, wa ya ci amanar wa, wa ke tsoron tsawa, wa sanƙonsa ke damunsa. Yana da daɗi, kuma nan ne za ki gwada abin da Malam Sani ya faɗa, don mutumin ma'aikacin fada ne a zamanin Hadrian, yana kwance wa sarakunan da suka shuɗe zani a kasuwa. Fassarar Turanci tana nan kyauta a shafin Perseus na Jami'ar Tufts.

Nasiru: To tambayar da ta kayar da ni, bari in amsa ta yanzu ko na huce. Rukayya, ki sa ido sosai daga 133 zuwa 27 kafin Miladiyya, nan ne kitsen kwas ɗin yake. Roma ta ci ƙasashe, dukiya da bayi suka kwararo, manya suka mamaye filayen gwamnati suna noma su da bayi. Ƙaramin manomi kuwa, shi ne sojan, ya yi shekaru a fagen fama ya dawo ya tarar gona ta lalace ko ta tafi. Tiberius Gracchus, wakilin talakawa, ya kawo doka a 133 cewa kada kowa ya riƙe fiye da iugera 500 na filin gwamnati, kimanin hekta 125, a raba sauran. Sanatoci suka fito da kulake da ƙafafun kujeru suka kashe shi, aka jefa gawarsa a kogin Tiber. Ƙaninsa Gaius ya ɗora daga inda ya tsaya, shi ma ransa ya tafi a 121.

Daga nan an buɗe ƙofar da ba ta sake rufuwa ba. Janar Marius ya ɗebi marasa fili cikin soja a 107, sojan da ba shi da gona kuma janar ɗinsa yake kallo ya sama masa ita in ya ajiye makami, ba majalisa ba. Sulla ya shigo Roma da rundunarsa a 88. Don haka lokacin da Kaisar ya tsallaka rafin Rubicon a 49, hanya ce da wani ya riga ya share. Waɗanda suka daɓa masa wuƙaƙe ranar 15 ga Maris, 44, sun ɗauka mutum ɗaya ne ciwon.

Zainab: Wayon Augustus shi ya fi burge ni. Ya ga abin da ya ci Kaisar, sai bai taɓa kiran kansa sarki ba. Ya bar majalisa tana zama, ana zaɓen muƙamai kamar kullum, shi kuwa ya riƙe soja da baitulmali har ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya.

Bello: Ina jin bakina na ƙaiƙayi amma ba zan kawo siyasa zauren nan ba.

Admin Kabiru: Ka kyauta wa kanka.

Abba: Ni abin da ya sa na ji daɗin kwas ɗin, kalmomin da muke ji a rediyo kullum ashe can suka samo tushe. Sanata daga kalmarsu ta dattijo ne, shi ya sa Majalisar Dattawa ta zauna daram. Kujerar na-ƙi da ake cewa Amurka ko Rasha ta hau a Majalisar Ɗinkin Duniya, kalmar veto ce, "na hana", ikon da wakilin talakawa ke da shi na taka wa hukunci birki. Yuli da Agusta kuwa sunayen Yuliyas da Augustus ne.

Rukayya: Tambaya ɗaya, kar ku yi min dariya. Su ne Rumawan da ke cikin Suratur Rum?

Ustaz Mukhtar: Ba abin dariya ba ne, rabin ajinmu mun shiga da wannan tambayar. Su ne, amma ba na zamanin Kaisar ba. Constantine ya buɗe sabon babban birni a gabas a 330 bayan Miladiyya, wato Ƙusɗanɗiniyya, Istanbul ta yau. Da ɓangaren yamma ya faɗi a 476, na gabas ya ci gaba kusan shekara dubu, har Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453. Littattafan Turawa na kiran su Byzantine, amma su da bakinsu Rumawa suke ce wa kansu, Larabawa ma haka suka san su. Su ne Farisa ta rinjaya har ta ƙwace Ƙudus a 614, sannan Hiraƙal ya juya yaƙin ya yi nasara. Shi ne Hiraƙal ɗin da kika sani a sira, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa. Matsalar ita ce namu kwas ɗin a 476 ya tsaya, don haka sai kin bi sauran da kanki.

Habibu: Ina Turkiyya yanzu, zan ƙara a kan na Ustaz. A Ankara, jikin masallacin Hacı Bayram, akwai ragowar wani tsohon gini da aka sassaƙa bayanin Augustus na ayyukan da ya yi, da Latin da Girkanci. Na je na tsaya a gabansa. Mutum ne ke ba da labarin kansa, nawa ya rabar, me ya gina, kuma maƙiyansa na yaƙin basasa ko sunansu bai kama ba. Da na gani sai na tuna malaminmu da tambayarsa ta "wa ya faɗa".

Ramatu daga Damagaram: Sannunku. Mu nan da Faransanci muka yi shi, ku yi hattara in kun ci karo da takardunmu: Livy shi ne Tite-Live, Augustus shi ne Auguste, kar a zaci mutane daban ne. Kuma Rukayya, in an bar ku ku zaɓi batun asaimen, ɗauki Afirka ta Arewa. Kowa zai ruga kan Kaisar, malami ya gaji da karanta abu ɗaya. Ga Jugurtha sarkin Numidiya, a ƙasar Aljeriya ta yau, da ya wahalar da Roma har 105 kafin Miladiyya, Sallust ya rubuta littafi sukutum a kansa. Ga Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya, ya mulki daular daga 193 zuwa 211 bayan Miladiyya ya mutu a York ta Ingila. Ga kuma Garamantes na Fezzan, da suka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin sahara suna noma, suna ciniki da Rumawa. Ni a kansu na yi nawa, shi ne maki mafi kyau da na taɓa samu.

Bello: Amma a faɗa mata gaskiya, karatun da yawa. In ɗaya kwas ɗin mai sauƙi ne kuma makinta na neman ɗauki, ba laifi ba ne ta lallaɓa.

Anti Hauwa: Kai da ka faɗi sau ɗaya ka koma ka ci B kake hana wata?

Bello: B mai tsada, Anti. Semista guda ta ci min.

Rukayya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cike fom ɗin yanzu, gobe zan kai a sa hannu. Anti Hauwa, kwalin nan naki yana nan ko ya bi shara?

Anti Hauwa: Yana gidan Umma cikin akwati, in ɓeraye sun bar shi. Zan sa a ɗauko min hotonsa. Amma ki zana naki da hannunki, wajen zanawar ne yake zama a ka.

Abba: A turo hoton nan zaure don Allah, ni ma ƙanina zai yi shi baɗi.