Pad thai: abincin Tailan ne, ko na Sinawa aka ɗora wa hula?

Ɗan Kwari: Jama'a ku zo ku raba ni da Hajiya. Tun da ta dawo daga sarin kaya a Bankok ta hana mu sakat da zancen pad thai, soyayyiyar taliyar shinkafar nan tasu. Na ce mata wannan ba abincin gargajiyar Tailan ba ne. Sinawa ne suka kai musu taliyar shinkafa, yawanci 'yan Teochew daga kudancin Sin, su ne kuma suka kai suya a kasko mai zurfi kan wuta mai ƙarfi. Gwamnati ce ta zo daga baya ta ɗora masa hula ta ce na ƙasa ne. Ta ce wai ƙarya nake yi.

Hajiya Mai Atamfa: Ban ce ƙarya kake yi ba Alhaji, cewa na yi ba ka taɓa ci ba. A bakin kasuwar Pratunam na tsaya a gaban wata mata mai kura na ga yadda take yi. Taliyar a jiƙe take, ba dafaffiya ba. Ta zuba mai, ta jefa awara yankakkiya ƙanana da busasshen jatan lande, ta watsa taliyar, ta kwarara ruwan tsamiya da aka dama da sukari da ruwan kifin nan mai gishiri da suke kira nam pla. Ta ture komai gefe guda, ta fasa ƙwai a tsakiyar kaskon, ta juya, ta ƙara tsiron wake. A faranti ta ajiye min dakakkiyar gyaɗa da garin barkono da ɓarin lemun tsami. Na sha cin abincin Sinawa a Guangzhou, ban ci karo da tsamiya da gyaɗa a taliyarsu haka ba.

Malamin Tarihi: Alhaji yana da gaskiya a batun gwamnati. Plaek Phibunsongkhram ya zama firaminista a 1938, a 1939 ya sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan, ya kuma fito da jerin umarni kan yadda ɗan ƙasa zai sa sutura, ya yi magana, ya ci abinci. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ambaliya ta shanye Bankok da gonakin shinkafa na tsakiyar ƙasar. Gwamnatinsa ta shiga kiran mutane su riƙa cin taliya, su kuma sayar da ita, don tana da araha kuma ana iya yin ta da karyayyar shinkafa. Kar a manta mutumin nan yana takura wa Sinawa a lokacin: ya rufe makarantunsu, ya hana su wasu sana'o'i. Ka ga kuwa dole ya so taliyar da za a ce ta Tailan ce.

Ɗan Kwari: Alhamdulillahi. Malam ya gama magana. Hajiya a ba ni kofi.

Malamin Tarihi: Ban gama ba Alhaji, saurin me kake yi? Gwamnati ta yaɗa shi, amma ba ita ta koya wa mutanen tsakiyar Tailan haɗa tsami da zaƙi da gishiri da yaji a loma ɗaya ba. Wannan hannun girkinsu ne tun kafin a haifi Phibun. In kuma asalin kayan haɗi za mu bi, babu wanda zai tsira. Barkono daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal da suka isa Ayutthaya, babban birnin Siam na lokacin, a 1511 ne ake danganta shigarsa da su. Tsamiya tushenta Afirka. Gyaɗa daga Kudancin Amurka take, ka taɓa jin an ce ƙuli-ƙuli ba namu ba ne?

Ɗalibi a Malesiya: Assalamu alaikum iyayena. Baba Alhaji, da girmamawa, cewa Sinawa ne suka kai taliya gaba ɗaya ma akwai gyara. Akwai khanom chin, siririyar taliya ta shinkafar da aka bari ta yi tsami, a matse ƙullun ta rariya cikin tafasasshen ruwa. Ana danganta ta da ƙabilar Mon, kuma da miyar kifi da ɗanyen ganye ake cin ta, babu suya ko kaɗan. Sannan ni a ganina duk wannan rigima a kan pad thai ɓata lokaci ne, don khao soi na birnin Chiang Mai da ke arewacin Tailan ya fi shi nesa ba kusa ba. Taliyar ƙwai a cikin romon madarar kwakwa da kayan yaji na kori, ga cinyar kaza, ga soyayyiyar taliya mai ƙaras-ƙaras a sama, a gefe ɗanyar albasa da lemun tsami. Fatake Musulmi daga Yunnan, waɗanda ake kira Chin Haw, su ake alaƙanta shi da su, shi ya sa aka fi saninsa da kaza ko naman sa.

Ɗan Kwari: Yunnan a ina take, ɗana? A Sin. Ka zo kare Hajiya ka ƙara min hujja.

Maman Ummi: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Yaya Hajiya, da gaske ne akwai taliyar da ake zuba wa jini?

Hajiya Mai Atamfa: Da gaske ne ƙanwata. Taliyar kwalekwale suke ce mata, don a da daga cikin jirgin ruwa ake sayar da ita a hanyoyin ruwan Bankok, shi ya sa har yau kwanonta ƙarami ne. Da jinin sa ko na alade ake kaurara romon. Ko kusa kar ki je. Pad thai ɗin ma sai kin duba, wasu da kitsen alade suke suya. Ki nemi alamar halal, ko ki nufi layin Larabawa da ke Nana.

Malamin Tarihi: Wani abin da zai ƙara wa Alhaji ƙarfi, tunda ni ba ɓangare nake ba: a 2002 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta fito da shirin ƙara yawan gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje. Sau biyu ke nan hukuma tana tura abincin nan gaba. Shi ya sa baƙo ya fi saninsa, alhali ɗan Bankok da rana ya fi zama gaban kwanon taliya mai romo, yana gyara ta da kansa da sukari da nam pla da barkono da ruwan khal.

Ɗan Kwari: To a ce na bar muku pad thai saboda tsamiyar Hajiya, ba don na gamsu ba. Pad see ew fa? Faffaɗar taliya, baƙin ruwan waken soya, ganyen Sinawa, babu tsamiya babu gyaɗa. Wannan ma na Tailan ne?

Malamin Tarihi: Wannan kam ɗauki abinka, na Teochew ne har gobe.

Hajiya Mai Atamfa: Ya ɗauka, dama shi ma bai taɓa ci ba.