Tsohuwar i5-2500K: zan iya ƙara mata gudu ban ƙona ta ba?

SabonShiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwamfutar tebur mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5-2500K, irin ta 2011 ɗin nan, RAM 8GB. Tana aiki lafiya, amma da na buɗe manhajar haɗa bidiyo sai ta fara jan ƙafa. Na ji ana cewa ana yi wa irinta obakulok, wato a ƙara wa furosesan gudu fiye da yadda ta zo daga kamfani, ina so in gwada amma wallahi tsoro nake ji, ita kaɗai gare ni. Ta ina zan fara?

MaiSukudireba:
Wa alaikumus salam. Ka yi dace ɗan uwa, K ɗin da ke ƙarshen sunan ma'anarta ba a kulle lambar ninki ba, wato lambar da ake ninkawa a samu gudun furosesan. Amma fara duba madabod, babban faifan da ake jona duk kayan a kai, sai irin su P67 ko Z68 ko Z77 za su bar ka, in H61 ce ka haƙura kawai. Lissafin ba wuya, 100 MHz sau 33 shi ne 3.3 GHz ɗinta, to ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka mayar da 33 ɗin 40, ka samu 4.0 ke nan, ita 100 ɗin kar ka taɓa ta don sauran kayan ma da ita suke tafiya. Ka sa manhajar gwaji Prime95 ta gasa ta da aiki awa ɗaya kana kallon zafi a manhajar Core Temp, in ya haura digiri 80 ka ja baya. Da yawa suna kai ta 4.4 ko 4.5, amma a hankali, ɗaya-ɗaya, kuma kar ka yi saurin ƙara ƙarfin wutar da ke shiga furosesan.

TsohonHannu:
Malam wace fanka gare ka? Ni na yi wannan gangancin da ƙaramar fankar da ta zo a kwali, minti goma ba a yi ba ta ɗauke, na kunna allo baƙi ƙirin. Sai da na zare batirin nan mai kamar kwabo na madabod, na jira kaɗan na mayar, sannan BIOS ta koma yadda take. Da na ɗaga fankar, man da ke kan furosesan ya bushe kamar tsohuwar laka. Ka goge shi ka sa sabo, ka samo babbar fanka tukuna.

Kwamfuta24:
In har kan tsohon had dis kake, SSD, ma'ajiyar da ta fi had dis sauri, za ta fi ba ka mamaki.

SabonShiga:
Na gode ƙwarai. Na duba, Z68 ce alhamdulillah, SSD kuma akwai. Fankar dai ta kwali ce, cike da ƙura ma. Zan sauya ta in fara da 38. Wutar in bar ta yadda BIOS ta sa ko?